Baba Tas Ya Share Tudu

Shekara talatin da ɗaya Baba Tas ya yi yana shara a wani ofishi mai hawa uku, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa tsintar ko kan ashana a inda ya wuce ba. Sunan ma a can ya samo shi. Duk wanda ya tambaye shi ko an share ɗakin taro, amsar ɗaya ce: "Tas." Manyan ofishin kansu shakkarsa suke yi. An ce akwai wani darakta da ya shekara huɗu yana cusa ɓawon gyaɗa a aljihun rigarsa, don dai kada su haɗa ido.

Da ya yi ritaya sai jarabar ta dawo gida. Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Inna, ta ce tun ranar da aka sallame shi ba ta ƙara ajiye abu ta same shi a inda ta bar shi ba. Tana tsince shinkafa, yana tsaye a kanta da tsintsiya yana jiran tsakuwa ta faɗo. Kajin gidan ma sun yi hijira zuwa maƙwabta, inda ake ganin mutuncinsu.

Abu ɗaya ne bai taɓa iya zubarwa ba, wato tsofaffin tsintsiyoyinsa. Wata guda, tsintsiya guda, haka ya yi aikinsa. In ta cinye ta zama guntuwa, sai ya ƙara mata ɗauri ya kawo ta gida. Suna nan a ɗakin ajiya an jere su har rufi, ɗari uku da saba'in da biyu.

"Mutumin da ya hana duniya sakat da shara, shi ne ya tara bola a ɗaki," in ji Inna.

"Ba bola ba ce," yakan ce. "Abokan aiki ne."

Gidansu shi ne na ƙarshe a layin, a daidai gindin wani tudu mai kurmi. A tsakiyar gangaren akwai wata tsamiya, kuma a ƙarƙashinta ya fara ganin Inna. Tana budurwa a lokacin, ta sauke ƙunshin itacen girki tana hutawa, tana shan rake tana watsar da tuƙar ta ko'ina. Ya tsaya ya dubi wurin, ransa ya ɓaci, ya ce, "Baiwar Allah, wa zai kwashe wannan?" Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wanda abin ya dama." Ya kwashe. Washegari ta dawo da rake biyu. Kafin shekara ta zagayo an ɗaura aure. Tun daga nan duk yammacin da ya tashi aiki sai ya hau ya ɗan zauna a gindin tsamiyar nan, kuma in ka ce yana son itaciyar kamar 'yar uwarsa ta jini, ba ka yi ƙarya ba.

A ranin bara gobara ta kama kurmin. Kwana uku tana ci, ba a san wanda ya tashe ta ba. Da ta mutu babu abin da ya rage sai toka da baƙaƙen gungume. Tsamiyar ta ƙone har ta karkata, masu kashe gobara suka sare ta don kada ta faɗo wa wani, suka bar kututture daidai ƙugu. Baba Tas ya yi kuka ranar, a gaban mutane, bai ɓoye ba.

Bayan 'yan makonni wata malamar gandun daji ta zo da igiya da turaku. Ta yanka gangaren gida-gida, kowane magidanci da nasa yankin da zai farfaɗo. Baba Tas ya roƙa aka ba shi mai kututturen. Sharaɗin ɗaya ne: ƙarshen damina za ta dawo, duk wanda ta tarar da wurinsa tsirara, za a karɓe a haɗa wa na kusa da shi. Daga nan ta yi bayani mai tsawo a kan yadda ake yi. Ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnen Baba Tas ba, domin akwai wata takardar alewa a kusa da takalminta, iska na ɗan juya ta, kuma a kanta hankalinsa ya ƙare har aka tashi.

Na kusa da shi kuwa ba kowa ba ne illa ƙanen Inna, wanda ake kira Sai-Gobe. Mutumin nan ko ƙuda ne ya sauka a hancinsa sai ya yi shawara kafin ya kore shi. Ya leƙo ta kan igiya, ya shafa kututturen ya ce, "Yaya, icen nan da kyau yake. In wurin ya dawo hannuna turmi zan sa a sassaƙa wa yayata da shi."

"Ka fara sassaƙa wa kanka sana'a tukuna," in ji Baba Tas. Amma maganar ta tsaya masa a rai.

Washegari ya hau tudu da sabuwar tsintsiya da baro. Ya dubi yankinsa, ya ga ƙazanta irin wadda bai taɓa gani ba tun da uwarsa ta haife shi, ya yi bisimilla ya fara. Tokar ya fara kwashewa, baro sittin da ɗaya, ya juye a kwalbatin bakin titi. Gungumen da ke kwance ya jawo su ɗaya bayan ɗaya ya fitar bakin hanya, mutanen unguwa suka kwashe suka yi girki suna sa masa albarka. Duk ɗan tsiron da ya leƙo daga ƙasa ya tuge shi, kamar yadda ya saba tuge ciyawar da ke fitowa a tsakanin bulon harabar ofis. Kututturen ma ya wanke shi da soso. Da ya ga wasu 'yan jajayen abubuwa suna tsattsagowa a jikinsa suna ɓata masa tsari, ya sa farce ya tsinke su.

Cikin sati uku wurin ya koma kamar faranti. Har zane yake yi da bakin tsintsiya, layi-layi. Wani mai wucewa da ya zo ratsawa sai da ya cire takalmi.

Sai-Gobe kuwa bai ɗaga ko tsinke ba. Aikin da ya yi duka-duka shi ne ya mirgina gungume huɗu suka kwanta a gicciye, saboda ta haka suka fi daɗin jingina.

Ruwan farko da rana tsaka ya sauko, kamar da bakin ƙwarya. Baba Tas yana ɗaki yana murna wurinsa zai ƙara wankuwa, sai ya ji Inna tana kira daga tsakar gida, muryarta a kwance kamar mai sanar da zuwan baƙo.

"Malam, fito. Gonarka ta biyo ka gida."

Ya fito ya tarar da jan taɓo yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya cinye tsakar gidan har idon sawu, ya tafi da takalminsa ɗaya. Ya ɗaga kai ya dubi tudu. Yankin kowa yana nan baƙi ƙirin yadda yake, nasa ne kaɗai ya tsage gida-gida, ruwa na gudu a kai babu abin da ke ce masa tsaya.

Kwana biyu bayan haka malamar gandun daji ta zo zagaye. Ta tsaya a bakin igiyarsa tana kallon wurin.

"Baba, ina tokar?"

"Na kwashe, 'yata. Tas."

"Gungumen fa?"

"Su ma."

"Baba, tokar nan ita ce abincin ƙasar. Gungumen su ke tare ta kada ruwa ya tafi da ita. Ganye da ƙirare kuma su ne mayafinta. Ka ƙwace mata abinci, ka cire mata mayafi, ka buɗe wa ruwa hanya." Ta nuna yankin Sai-Gobe, inda ciyawa ta fara kore a bayan kowane gungume, mai wurin kuma yana kwance a kan ɗaya da hula a fuska. "Ka ga wanda ya gane aikin."

Wannan kaɗai ta isa ta kwantar da mutum, amma da saura. Ta durƙusa a gaban kututturen, ta shafa wasu ƙananan tabo a jikinsa.

"Wa ya tsinke tohon nan?"

"Toho?"

"Saiwar tana da rai, Baba. Tohowa take yi."

"Ni ne. Sau huɗu."

Malamar ta ɗora hannu a ka. "Wato ita tana ta ƙoƙarin tashi, kai kana mayar da ita. Ƙarfin da ya rage mata ba shi da yawa. Wataƙila ta sake gwadawa sau ɗaya, in ƙasar gindinta ta zauna. In ba ta zauna ba, sai haƙuri."

Baba Tas ya sauko gida kamar wanda aka yi wa duka. Wuta ba ta kashe tsamiyar ba, shi ne yake kashe ta da farcensa, yana kuma jin daɗin aikinsa. Kunya da baƙin ciki suka hana shi cin abinci. Abin da zai gicciya a gangaren yake nema, ga shi gungumen duk sun zama tokar murhun maƙwabta, kuma babu wanda zai ba shi nasa.

Inna ta ajiye masa kwano ta ce, "Ai kana da abokan aiki. Shekara nawa suna kwance suna cin ɗaki a banza?"

"Kada ki fara."

"To shi ke nan. Dama turmina ya tsage."

Ya miƙe ya nufi ɗakin ajiya. Da hantsi aka gan shi yana tura baro, an labta masa guntayen tsintsiya. Sawu goma sha ɗaya ya yi. Ya kwantar da su a gicciye, kai da gindi, kai da gindi, layi bayan layi tun daga sama har ƙasa, yana kafe kowace da turke. Yana yi yana gabatar da su ga duk wanda ya tsaya kallo: wannan ta shekarar da aka yi wa ofis fenti ce, waccan ita ta kashe kunama a ɗakin akawu. Mafi tsufa a cikinsu, ta watansa na farko a aiki, ita ya kafa a gindin kututturen. Daga nan ya kankare taɓon tsakar gidansa da shebur, ya mayar da shi tudu baro-baro, ya zuba a bayan tsintsiyoyin. A ciki ya tsinci takalminsa.

Saura mayafi. Ya koma tsohon ofishinsa, ya sami wanda ya gaje shi, ya sunkuyar da kai ya ce a taimaka masa da shara. Mutumin ya zaci jarrabawa ce, ya rantse ya maya cewa babu ko ƙwaya. Da ƙyar ya yarda ya nuna masa inda yake tara busasshen ganye.

A nan fa aka yi ta. Baba Tas ya tsaya a kan tudu da buhun ganye, hannunsa ya ƙi watsawa. In ya ɗebo sai ya ga ya ajiye a tsibi, ya daidaita gefe da gefe. Ya gwada da ido a rufe, ya buɗe ya tarar ya jera su. Hali zanen dutse.

Sai ga Inna ta hauro tana haki, da rake uku a kafaɗa.

"Matsa, Malam. Wannan fannina ne. Shekara talatin ina jiran ranar nan."

Ta karɓi buhun ta kama gindinsa ta wulwula, ganye ya tashi ya rufe ko'ina har da kan mijin. Ta zauna a kan kututturen ta fara shan rake, tana cilli da tuƙar gabas da yamma. Shi kuwa yana tsaye, hannuwansa biyu a hammata don kada su ci amanarsa, gumi na zuba.

Haka suka yi ta yi har damina ta ja. Ruwa ya zo sau da yawa, ya tarar da tsintsiyoyi a hanya, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko ya wuce shi kaɗai. Bakinsu kuma ya riƙa kama 'ya'yan ciyawar da iska ke kawowa. Kore ya fara fitowa layi-layi, tsilli-tsilli kamar gemun saurayi. Kututturen dai shiru. Kullum Baba Tas sai ya durƙusa ya duba, hannu a baya, ya ba shi haƙuri a hankali yadda ba mai ji.

Ranar da malamar ta dawo, Sai-Gobe har da kawo masassaƙi ya ga icen. Ta bi layukan tana taka ƙasa da ƙafa, ta tona da yatsa ta ga danshi, ta yi dariya har da riƙe ciki da ta gane abin da aka kafa. Ta ce ita dai ba a koya mata wannan a makaranta ba, amma wurin ba tsirara yake ba, don haka yana nan a hannun mai shi. Sannan ta zagaya bayan kututturen, ta ɗaga tsohuwar tsintsiyar nan da ɗan yatsa, ta ce, "Baba, zo. Amma ka bar hannunka a inda yake."

A ƙarƙashin tsintsiyar, inda idonsa bai taɓa kaiwa ba, wani toho ne ya fito, tsawon ɗan yatsa, da 'yan ganye shida. Da alama wannan karon ɓuya ya yi. Baba Tas ya durƙusa, hawaye na bin gemunsa, yana dariya yana cewa, "Ka yi dabara. Wallahi ka yi dabara."

Masassaƙi ya saɓa gizagonsa ya sauka. Sai-Gobe ya ce dama shi gobe ya so a fara aikin.

Da kowa ya watse, Inna ta zauna a ƙasa ta jingina da kututturen, ta ɓare ragowar rakenta. Ta tauna, ta tofar da tuƙar, ta faɗi daidai kan ƙafar mijin. Ta dube shi ta wutsiyar ido.

"Bawan Allah, wa zai kwashe wannan?"

Baba Tas ya dubi tuƙar. Yatsunsa suka motsa. Ya sa ƙafa ya tura ta a hankali har gindin tohon, ya gyara mata zama.

"Duk wanda ya taɓa ta," ya ce, "ni da shi ne."