Tumakin da Suka San Muryar Ƙusa

Bayan an tashi daga zaman makoki an naɗe tabarmi, sai mai ɗakin abokina marigayi ta zo shagona da wayarsa ƙunshe a gefen mayafi. Ta ajiye ta a kan keken ɗinkina kamar wadda ta ɗauko garwashi.

"Tela, riƙe wannan. Tsohuwar nan ba ta daina kira ba."

"Kin ɗauka?"

"In ɗauka in ce mata me? Da wane yaren?"

Ƙusa muke ce wa abokina. Kafinta ne, shagonsa na jikin nawa, bango ɗaya ya raba mu tun muna samari. Dogo ne siriri, kullum da ƙusoshi jere a leɓe, a haka yake ciniki, a haka yake faɗa, kuma bai taɓa haɗiye ko ɗaya ba. Duk safiya sai mun yi. In ce masa ya zo ya kwashe garin katakon da ya zuba wa yadin mutane, ya ce, "Mai almakashi, fara rufe bakin keken nan tukuna, ya hana ni awo." Rana ta yi kuma mu ci abinci a kwano ɗaya, yana zaɓe nama yana rantsuwa ƙashi ne.

Gashinsa ya fara fari lokacin da wata ƙungiya ta ba shi aikin kujerun ofishinta. A nan ya ji cewa suna tura masu sana'ar hannu wata ƙasa mai nisa, su taimaki tsofaffin manoma da 'ya'yansu suka gudu birni. Ba albashi, sai ci da wurin kwana. Da ya ce zai je, layinmu gaba ɗaya ya yi dariya. Mai ɗakinsa ta ce mutumin da zakara ya taɓa korowa daga tsakar gidansa shi ne zai yi kiwo? Ni ma na yi tawa dariyar har da hawaye. Da yamma muna rufe shago ya cire ƙusoshin daga baki, abin da ba ya yi sai magana ta kai magana.

"Tela, duk rayuwata ina yi wa mutane ƙofa. Ina so in ga abin da ke bayan ko da guda ɗaya ce."

Na ɗinka masa riga mai kauri, na ninka mata shafi. Ya ce na mai da shi katifa.

Gonar da aka kai shi ta wata tsohuwa ce, shi ya sa mata Iya. Gidan dutse ne a gindin tudu, da 'yar gonar dankali, da garken tumaki masu ƙararrawa a wuya. Mijinta ya mutu, ɗanta ya mutu, 'yarta ta yi aure a nesa ta daina waiwaye. Karen da ke tara mata tumaki ma tsufa ya kashe shi. Ba ta jin yarensa, ba ya jin nata. Da hannu suke magana, da gira, da buga cokali a tebur. Ya gyara mata shinge, ya canza katakon rufin turke, ya yi mata kujera mai gajerun ƙafafu saboda gwiwarta.

Wahalarsa tumakin ne. Da safe su haye tudu, da yamma sai an sauko da su, ga Iya ba gwiwar hawa, muryarta kuma ta disashe tun wani aiki da aka yi mata a wuya. Ya ce kwanakin farko gudu ya dinga yi a bayansu, ya tare nan su ɓalle can, ya faɗi a taɓo ya tashi. Wata rana haushi ya ishe shi, ya tsaya a bakin shinge ya ƙwala ihu da namu yaren: "Ku taho, marasa kunya! Ku taho, 'yan baƙin ciki!" Sai ga su suna gangarowa a layi, ƙararrawa na kaɗawa. Iya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Daga ranar ba wanda suke amsa wa sai shi.

Ranar hutu yakan sa guduma da ƙusoshi a aljihun rigar nan ya kama hanya. Abin da ya gani a yawon nan shi ne bai taɓa barinsa ba. Ya ce za ka yi ta tafiya, ciyawa shar, rafi na gudu, itatuwa sun yi 'ya'ya har suna zubarwa, ba mai tsinka. Sai ka iso ƙauye, gidaje a tsaye lafiya lau, ba kowa. Ba hayaƙi, ba kukan yaro. Ya leƙa wani gida ya ga kofuna a kife a kan tebur, da kwat rataye a ƙusa, kafaɗunta sun yi fari da ƙura. Ya shiga wata makaranta ya tarar da ƙananan kujeru a jere, bishiya ta shigo da reshe ta taga.

"To me ka yi?" na tambaye shi bayan ya dawo.

"Ƙofofin na gyara."

"Na gidan da ba kowa?"

"Iska ke ta buga su, Tela. Dare da rana suna ta bugawa. Ba zan iya wucewa ba."

Haka ya bi su gida gida, ya ɗaga ƙyauren da ya zube, ya sa sakata, ya ja ya rufe. Ya ce a wani kwari in ya buga guduma sai tudun da ke tsallake ya amsa. Ya san amsa kuwwa ce, ai ba yaro ba ne. Amma wata rana da ya ajiye gudumar, amsar ta gama, sai ya ji an ƙara bugu ɗaya. Ya tsaya yana saurare. Bai ji tsoro ba, in ji shi, sai dai ya ji kamar akwai wani kafinta a can da aiki ya yi wa yawa.

Sanyi na shigowa wa'adinsa ya cika, ya dawo. Ya dawo da ƙarancin magana. Wani lokaci in leƙa in gan shi riƙe da zarto bai yanka komai ba, yana kallon titi. Bai daɗe da dawowa ba wayarsa ta yi ƙara da yamma, kiran bidiyo. Iya ce, wani mai kai wasiƙu ya koya mata dannawa. Sai ta juya wayar ta fuskanci tudu. Tumakin sun ƙi saukowa. Ƙusa ya fito tsakiyar layi, ya tofar da ƙusoshi, ya ƙwala musu zagin nan. Muna ji ƙararrawa ta fara tahowa daga cikin waya.

Shi ke nan abin ya zama na kullum. Kafin magariba waya za ta yi ƙara, ya fito ya yi ihunsa. Mai faci da ke tsallake yakan ce, "Ga makiyayin waya zai fara!" Mai ɗakinsa ta ce ita ko sau ɗaya bai taɓa kiranta da irin wannan zumuɗi ba, ya ce ai ita ba ta zuwa ko an kira. In tumakin sun shiga turke Iya za ta juyo da wayar, ta ɗaga masa hannu, ta nuna masa abin da ta dafa, shi kuma ya nuna mata kujerar da yake haɗawa. Wani lokaci ya jawo ni in gaishe ta, yana nuna tumbina yana kumbura kumatu.

Sai tari ya kama shi. Muka ce garin katako ne. Kafin a gane ba shi ba ne, rigunan da na ɗinka masa duk sun yi masa yawa. A asibiti ma bai fasa ba. In ta kira sai ya danne idon kyamarar da babban yatsa don kada ta ga yadda ya koma, ya yi kiran daga kan gado. Nas ta yi faɗa har ta gaji, daga baya ita ke rufe ƙofar ɗakin in lokaci ya yi.

Ranar da ya ji muryar na neman ƙarewa ya ce in kawo wayata in naɗa. Ya tattara duk ƙarfinsa ya yi kiran sau ɗaya, a ƙarshe tari ya sarƙe shi, shi ma ya shiga cikin naɗin. Da ya samu numfashi ya kama hannuna.

"Kada ka gaya mata. Duk wanda ya shiga gidan nan ya fita bai dawo ba. Ka bar ta tana cewa ina nan."

"Ƙusa, har yaushe?"

"Kai dai ka yi mini, mai almakashi."

Na ce to. Me zan ce wa mutum a wannan halin?

Shi ya sa da mai ɗakinsa ta tafi ta bar mini wayar, na san abin da ke jirana. Kafin magariba ta yi ƙara. Na danne kyamarar da yatsa kamar yadda yake yi, na ɗauka, na kunna naɗin daga tawa wayar. Muryar abokina ta cika shagon. Mai faci ya saki ƙarfen da ke hannunsa ya miƙe tsaye. Daga can cikin waya na ji ƙararrawa na saukowa, tumaki na amsa wa mutumin da na sa a rami da hannuna. Sai tarin. Sai 'yar dariyar Iya, ta faɗi wasu kalmomi da yarenta, ta kashe.

Na yi haka kwanaki da yawa. Ban saba ba ko sau ɗaya. In yamma ta doso sai ɗinkina ya fara karkacewa, in ta farkewa. Mai faci ya koma tashi da wuri. Mai ɗakinsa ta zo ta ce, "Tela, ina jiyo shi daga gida in iska ta juyo. Don Allah ka rage ƙarar." Na rage. Amma alkawari ne, kuma in na tuna dariyar tsohuwar sai in ce gara haka.

Sai dai dariyar ta fara raguwa. Wata rana bayan tarin ba ta kashe ba, ina jin numfashinta. Kashegari ma haka. Ita ma ta yi jinyar mutane, ta san tari ba ya zuwa iri ɗaya kullum a wuri ɗaya.

Ran nan da na ɗauka ba tudu na gani ba. Tana zaune a ɗakin girkinta a kan kujerar nan mai gajerun ƙafafu, ta jingina wayar da wani abu, hannayenta a cinya. Ta kira sunansa da disasshiyar muryarta. Ta jira. Ta sake kira. Yatsana na kan kyamara, ɗaya hannun na kan naɗin, in na danna shi ke nan yau ma ta wuce. Na dubi fuskarta. Ba tambaya take yi ba, jira take a yi mata mutuncin faɗa mata.

Na ce a raina, ka yafe mini, ɗan'uwa. Na ɗauke yatsan.

Ta gan ni, ta gane ni. Na miƙe da wayar na zagaya shagonsa na buɗe, na nuna mata bencin aikinsa, zarto a rataye, wata kujera mai ƙafa uku da bai ƙarasa ba. Na juyo da wayar, na sa tafina a ido na shafa ƙasa, kamar yadda ake rufe wa mamaci. Hawaye ya hana ni ganin ta sosai. Ba ta yi kuka ba. Ta gyaɗa kai a hankali, ta daɗe tana gyaɗawa, ta ɗora hannu a ƙirji. Muka zauna haka, ni a kan garin katako, ita a kujerarta, har aka kira salla a nan, tagarta kuma ta fara duhu a can. Tumakin ranar a kan tudu suka kwana.

Ta yi kwanaki ba ta kira ba. Na ce shi ke nan, na karya alkawari na kuma karya tsohuwa. Da ta sake kira sai ta fita da ni waje a hankali, tana dogara sanda, ta nuna mini turken. Ba komai a ciki, an share, ga sawun tayar babbar mota a taɓo. Ta sayar da su. Har yau ban san ko daidai na yi ba. Mai ɗakinsa ta ce daidai ne. Ni dai na san da na yi shiru da yanzu akwai motsi a gidan nan.

Yanzu takan kira jefi-jefi, ba kullum ba. Ta jingina wayar a tebur tana ɓare wake ko tana gyaran safa, ni kuma in jingina wayar Ƙusa a jikin gwangwanin maɓallai in ci gaba da ɗinki. In na taka keke da ƙarfi ta ɗago ta harare ni, in sassauta. Ta rame, kuma kwanan nan da hannu biyu take ɗaukar kofi.

Kullum sai na sa wayar a caji kafin in sa tawa. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne, ita ta samu wanda ya gaya mata. Ranar da nata kiran zai yanke, ba ni da wanda zan tambaya a duk faɗin ƙasar nan tasu, kuma ba wanda ya san akwai wani tela a nan da ya kamata a gaya wa.