Moton da Aka Daidaita wa Maƙwabci

Moto guda, wato babur, muka gada daga mahaifinmu, ni da yayana. Ni tela ne a Bukoki, siriri, har matan unguwa kan ce in ɗinka wa kaina jiki. Yaya kuwa ɗan kasuwa ne, idan ya zauna kan benci sai na ɗaya gefen ya riƙe bango.

A gindin risor ɗin baya, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke shanye girgiza, akwai wani zobe mai matakai. In ka juya shi ya matse risor, moto ba ya nutsewa sosai idan an hau. In ka sassauta, yana zama ƙasa. Yaya kan matse shi har ƙarshe. Ni in na hau bayan ya matse, moton bai ma san an hau shi ba. Kowane rami sai ya cilla ni sama, in sauko ina laluben sirdi. Sai in sassauta. Washegari Yaya ya hau, baya ya durƙusa, taya na gurzar ƙarfen sama, fitila na haska reshen darbejiya.

Muka daina gaisawa da kyau. Kowa ya sayi kile nasa na juya zoben, yana yawo da shi a aljihu. Na taɓa fitowa alwala na tarar da Yaya tsugune a zaure cikin babbar riga, yana juya zobe yana waige.

Inna ta gaji. Ta sa muka tura moton zuwa wurin mai sudur, wato mai walda, tana biye da mu da mayafinta.

"Ina ne tsakiya?" ta tambaye shi.

Ya nuna mata.

"To, liƙe shi nan. Duk ni na haife su."

Mai sudur ya ce, "Hajiya, ba wanda zai yi wa daidai."

"Shi nake so," in ji ta.

Haka kuwa aka yi. Ni ina ci gaba da tsalle, Yaya na ci gaba da gurza, sai dai kowa an rage masa rabi.

Wata safiya maƙwabcinmu, wani Bazabarme mai aski, ya ari moton zai kai saƙo Lamorde. Mutum ne tsaka-tsaki, ba ƙiba ba rama. Yana hawa moton ya ɗan sauka kaɗan, ya tsaya cak inda ya dace. Muka bi shi da kallo yana ratsa ramukan layinmu, hularsa ko motsi. Da ya dawo ya ce bai taɓa hawa abin da ya san jikinsa haka ba.

Aro ya yawaita. Mu ma ba ma iya hanawa, don gaskiya shi moton ya fi dacewa da shi. A hankali moton ya koma kwana a zaurensa. In muna da uzuri mu je mu yi sallama, ya ce, "Ku ɗauka mana, amma ku bi min shi a hankali."

Sai ya yi aure. Amarya ta iya girki, kafin damina ta fita wuyansa ya cika, ya yi ƙiba. Ranar wata Juma'a ya turo moton har ƙofarmu, ransa a ɓace.

"Ga kayanku," ya ce. "Ban san abin da kuka yi masa ba, amma ya lalace."

Yaya ya ba shi haƙuri.