Yatsun Maigidana

Ranar da na fara lura da hannunsa, littafina ya dawo mini da shi a zauren gidanmu a Tambuwal. Irin littattafan soyayyar nan ne da nake saya a kasuwa, ya ara don wai ya san abin da ke ɗauke mini hankali. Na kama gefen littafin, shi kuma bai saki ba. Na ja, yatsunsa suna nan a damƙe, sai a hankali suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Na koma ɗaki zuciyata na bugawa, na ce wannan shi ne son da nake karantawa.

Sai bayan aurenmu, da muka tare a Kebbe, na ga haka yake yi wa buta, da ƙotar fartanya, da hannun duk wanda ya gaisa da shi. Abokansa suna yi masa tsiya wai ba ya gajiya da gaisuwa.

Ina da cikin wata biyar ya ɗauko ni a babur daga Fakku. Wani garken shanu ya fito kan hanya, na ji ya taka birki, amma babur yana ta kuka yana jan mu gaba. Hannunsa ya ƙi sakin totur. Cikin gonar dawa muka tsaya. Ban ji ciwo ba, sai dai na ga fuskarsa, na gane ya daɗe da sanin akwai wani abu.

Likitoci a Sakkwato suka yi ta gwaji, daga ƙarshe suka ce ciwon tsoka ne na gado, kuma ba kasafai ake ganinsa a wajenmu ba. Ban fahimci komai ba sai da ƙanwarsa, wadda ke karatun kimiyya a jami'a, ta zo hutu. Ta same ni ina kaɗa nono, ta zauna da wayarta.

Ta ce a kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai rubutun gado, kuma ana kwafo saƙo daga cikinsa, sunan kwafin RNA, kamar zare yake. A jikin yayanta wani ɗan guntun saƙon yana maimaituwa fiye da kima, har zaren ya yi tsawo ya riƙa mannewa da 'yan'uwansa. Sai su ware daga ruwan ƙwayar su dunƙule su zama ɗigo-ɗigo, kamar yadda mai ke warewa a cikin goran da ke hannuna. Ta ce lafiyayyen jiki ma yana yin irin wannan ɗigo, ya taru ya watse. Na yayanta kuwa ya kan daskare, ya riƙe wasu sinadaran da tsoka ke buƙata.

Ta nuna mini bidiyo daga wani ɗakin gwaje-gwaje. An zuba RNA a ruwa mai ɗan gishiri, ga ƙananan ɗigo koraye suna yawo, biyu su haɗu su zama ɗaya. Gwanin kyau, kamar taurari. Can sai suka daina haɗuwa, suka tsaya cak.

Na aje goran. Na tambaye ta abin da ke cikina fa.

"Anti, rabi da rabi na," in ji ta. "Ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Ni ma ban san nawa ba, ai uba guda muke da shi, kuma an ce daga wajen babanmu ciwon ya zo."

Ta yi dariya kaɗan, ta ce in ci gaba da kaɗawa kar man ya ɓaci. Na kasa. Watannin da suka rage, duk motsin da cikin ya yi sai in tsaya in saurara, ko da ƙarfi ne ko da rauni.

Mace na haifa, ta yi kuka mai ƙarfi, ta kama nono a ranar. Likita ya ce wannan alama ce mai kyau, amma ciwon ya kan jira shekaru, kuma ya lissafa mini abubuwan da zan sa wa ido, har da yawan barcin rana. Gwajin da zai raba gardama ba a yinsa kusa da mu, mahaifinta kuma ya ce a bar wa Allah.

Bana shekararta tara, tana aji huɗu, ta fi kowa gudu a unguwarmu. Makon jiya malamarsu ta tare ni a bakin rijiya, ta ce sau uku ke nan yarinyar tana kifa kai ta yi barci ana tsakiyar darasi. Na ce mata zafi ne. Har yau ban gaya wa mahaifinta ba.