Yaya Isyaku, Mai Tambayar Asalin Kalma

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Isyaku makwancinsa, amma har yau in na ji sabuwar kalmar intanet a zaurenmu na Tudun Ƙofa sai ya faɗo mini a rai.

Malamin makaranta ne, kuma yana da wata al'ada. Kalmar Turanci ba ta zama a gidanmu sai an binciki asalinta, kamar yadda ake yi wa mai neman aure. In yaro ya kawo ta, sai ya ce, “Tsaya tukuna, 'yar gidan wa ce?” Sannan ya raba ta biyu. A bakinsa na ji cewa fasuwad, kalmar sirrin buɗe waya, auren kalma biyu ne, wucewa da kalma, abin da masu gadi ke nema kafin su buɗe wa mutum ƙofa. Fayawol kuwa, mai tsare kwamfuta daga kutse, asalinta katanga ce da magina ke yi don kada gobara ta tsallaka maƙwabta. Yakan ce baƙon da ba ka san gidansu ba, ba ka ba shi ɗaki.

Da ciwo ya tsananta ya damƙa mini 'yarsa Hafsatu, ya ce kada in bar ta tana faɗin abin da ba ta san tushensa ba. Na amsa. Ni da karatuna ya tsaya a firamare!

Bara ta same ni da wayarta, tana nuna mini irin kanun labaran nan masu ruɗin mutum ya danna. “Baba Ƙarami, wannan kilikbet ɗin fa, 'yar gidan wa ce?” Irin muryarsa sak. Na ce ta bari in binciko mata. Na hau acaɓa har Sabon Gari wurin mai gyaran waya, ya kwashe da dariya ya ce, “Oga, kai dai danna kawai, wa ke tambayar wannan yanzu?” Na dawo hannu rabbana. Tun daga ranar ba ta sake tambayata ba.

Da Yaya zai leƙo yau, zai tarar baƙi sun cika gidan, babu wanda ya yi sallama. In kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa? Haka muke karɓar duk abin da waya ta faɗa.

Abin da ya rage nasa tambaya ɗaya ce, ita ma jiya na ji Hafsatu ta yi wa ƙawarta ita da wasa, suka yi dariya suka wuce. Allah ya jiƙanka, Yaya. Ni dai ban san me zan ce maka ba in ka tambaye ni amanarka.