Zuwa Basunda a Shekarar da Damina Ta Ƙi

Gadarif

Kafin assalatu na isa tashar motar Gadarif. Inna ce ta aike ni, don labari ya zo cewa shanun ƙanenta, Kawu Harun, suna ta faɗuwa a Basunda, shi kuma ya ƙi barin daji. "Ka taho min da shi, ko sanda kaɗai ta rage masa," in ji ta. Na samu wuri a bayan wata lori mai dakon ruwa.

Doka

Da hantsi, a hanyar garin Doka, muka ratsa mashru, manyan gonakin nan da tarakta ke nomawa. Dawa ta tsiro kamu ɗaya ta bushe a tsaye. Baƙar lakar da ke kafe motoci da damina ta tsattsage. Direbanmu Usman ya tsaya, ya zura hannu cikin wata tsaga har kafaɗa, bai taɓo ƙarshenta ba.

"Ya zol, saurara," in ji shi, yadda ake kiran mutum da Larabcin yankin.

Na kasa kunne. Ko kukan tsuntsu ɗaya babu, a wurin da janbaki ke rufe sama duk kaka. A shingen jami'an tsaro ma ba a tambaye mu takarda ba, ruwa aka roƙe mu. Mun ci kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar busasshiyar kuɓewa, muka kwana a rumfar mai shayi.

Basunda

Na iske Kawu a cikin busasshen rafi, ya haƙa rijiya yana jan guga. Ya rame, shanunsa kaɗan suka rage. Bayan la'asar ya cika komin shayar da shanu, ya ce in zauna kada in motsa.

Zabin daji ne suka fara zuwa. Sai ga barewa da ɗanta, ƙafafunsu na rawa, suka kutsa tsakanin shanu suka kafa baki. Can gefe dila na jiran nasa rabon, ko kallon zabin bai yi ba.

"Kawu, ga nama ya kawo kansa," na raɗa masa.

"Baƙi ne," in ji shi. "Ba nama ba ne. An sare musu daji an yi gona, yanzu sama ma ta rufe."

Na isar da saƙon Inna. Ya girgiza kai. "In na tafi, wa zai ja musu guga?"

Ban sake yin maganar ba.

Gida

Ni kaɗai na dawo, na gode wa Allah da ya sauke ni lafiya. Na kwashe komai na faɗa wa Inna. Sai ta ce in je kasuwa in sayo sabuwar igiyar guga, doguwa, in ba Usman ya kai wa Kawu.