Jinyar da Ba Ta Son Ruwan Zafi

A Dugabau da ƙauyukan da ke kewaye da ita, idan mace ta haihu ni ake aiko wa in je in yi mata wankan jego. Na yi shekara talatin da wani abu ina wannan aiki. Karatun boko kuwa sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin manya na koya, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna, hannuna ya fi sabawa da ganye.

Yadda nake yi shi ne in ɗora rabin duro a murhu har ruwa ya yi ta ɓararraka, in tsoma ganyen darbejiya in riƙa fyaɗa wa mai jego, safe da yamma, har kwana arba'in. In ta yi kuka sai in ce madalla, ruwa ya shiga. A lokacin na yi imani babu abin da ke kashe mai jego kamar sanyi, kuma ina alfahari da cewa ruwana ya fi na kowa zafi.

Surukata 'yar Getso ce, matar ɗana na fari. Mace ce mai yawan dariya, tana suyar awara a cikin gida, kuma tun zuwanta muka shaƙu har maƙwabta na cewa mun zubar da kunyar surukuta. Laifi biyu na yi mata, kuma gara in faɗe su da bakina tun yanzu.

Haihuwarta uku na farko a gida ta yi su lafiya, ni na yi mata wanka. A ta huɗu ɗan ya zo a gicciye, aka kai ta asibiti a Gwarzo aka yi mata aiki. Da za a sallame ta malamar asibiti ta ja mini kunne kada ruwan zafi ya taɓa ɗinkin. Na ce to, a raina ina cewa yarinyar da ban fi shekara biyu da ganin an yaye ta ba ita za ta koya mini jego. Muna isa gida na hura wuta. Kwana uku ina gasa ta, a na huɗu ɗinkin ya buɗe, ya fara ruwa. Sai da ta sake yin mako biyu a gadon asibiti. Wannan shi ne na farko.

A ta biyar ma aiki aka yi, ta zubar da jini sosai. Likita ya kira ta da mijinta ya ce jikinta ya gaji, shawararsa a ɗaure mata hanyar haihuwa gaba ɗaya, su je su yi tunani. Ɗana ya kawo mini takardar amincewa da likita ya ba su a tsakar gida. Ban tsaya na ji ƙarshen maganarsa ba na ce muddin ina numfashi ba za a rufe wa jikokina ƙofa ba, ni da na haifi tara me ya same ni. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ita kuwa tana bayan zana tana wanke-wanke, duk ta ji. Wannan shi ne na biyu.

Ciki na shida saura kaɗan ya tafi da ita. Mahaifar ta fara tsagewa a wurin tsohon ɗinki, aka shiga da ita ɗakin tiyata ba ta san inda take ba. Allah ya raya ta, ya raya 'yar da ta haifa. Daga asibiti ba ta biyo ta Dugabau ba, Getso ta wuce, uwarta ta yi mata jego. Da ta dawo bayan wata biyu tana gaishe ni a durƙushe kamar kullum, tana kawo mini tuwo a kan lokaci, amma dariyar nan ta daina yi da ni. Ko ciwon kai take yi ba ta bari in sani. Ni da matan gari ke miƙa mini jikinsu, matar ɗana ta daina yarda in taɓa ko yatsanta. Babu abin da nake nema a lokacin kamar ta sake yarda da hannuna, ko sau ɗaya ne.

Jaririyar na da wata takwas ɗana ya shigo ɗakina da hantsi yana sosa ƙeya.

"Inna, maganar nan ce ta dawo."

"Wace magana?"

"Ta takardar nan. Ta ce wannan karon za ta yi. Na je wajen malam, ya ce tunda likita ya tabbatar akwai haɗari ga ranta, larura ce."

Yana faɗa yana kallon ƙofa, ya shirya gudu. Na ce masa, "Ranar da za ku koma asibiti ku tafi da ni. Ina so in ji da kunnena." Ya dube ni ya ce to.

Malamar da muka tarar wata gajeriya ce mai fara'a. Ta ɗauki biro ta zana mana mahaifa a bayan kati, da wasu siraran hanyoyi biyu a gefenta kamar ƙahon akuya. Ta ce ta nan ƙwai ke bi, su za a ɗaure a yanke. Ni kuwa na zo da tambayoyina tun daga gida.

"'Yar nan, mahaifar fa? Cire ta za ku yi?"

"A'a Mama, tana nan inda take."

"To jinin wata ina zai riƙa zuwa? Ba zai taru a ciki ya zame mata ƙari ba?"

"Zai riƙa zuwa kamar yadda ya saba. Ba abin da zai taru."

"An ce mace takan zama kamar namiji, har murya."

Ta ajiye biro tana dariya. "Mama, wa ya ce?"

"Mutane."

"To ki gaya wa mutane ni ma an yi mini. Ki saurari muryata ki kai musu labari."

Na ji surukata ta yi wani ɗan sauti a bayan mayafi, irin na mai danne dariya. Daga nan malamar ta daina wasa. Ta ce akwai allurar tazarar haihuwa, akwai abin da ake sawa a hannu, duk ana iya dainawa, amma wannan in an yi an yi ke nan, ba a kwancewa, don haka ba a yi wa mace sai ta zauna ta yi tunani da kanta. Ta ce ni da ɗana mu ɗan ba su wuri. Muka fita muka zauna a benci. Ban taɓa ganin an fitar da miji da uwar miji don a ji ta bakin mace ba, amma da na tuna yadda na yanke mata hukunci tana bayan zana, sai na ga benci ya dace da ni.

Aka sa rana. Da farko surukata ta ce a Getso za ta yi jinya. Da yake yara na makaranta, aka daidaita a kan za ta dawo gida, amma uwarta za ta zo ta zauna da ita. Kowa ya san abin da uwar za ta zo tsarewa, ba wanda ya faɗa.

Ranar aikin suka tafi da sassafe, aka bar ni da yara. An ce aikin ba ya daɗewa, da yamma za su dawo. Bayan azahar na rasa abin yi. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Sai na ce bari in tanadi ruwa. Har yau ban san lokacin da na jawo rabin duron nan na ɗora a murhu ba. A raina cewa nake ai an buɗe ciki, iska ta shiga, ko ba za a fyaɗa ba a samu na gasa baya. Na tsinko ganye, na kuma jiƙa gero da kanwa.

La'asar sakaliya mota ta tsaya a ƙofar gida. Surukata ta shigo a hankali, ta ɗan sunkuya, hannunta ɗaya a mara, uwarta na riƙe da ita. Suka yi turus. Hayaƙi na tashi, duro na tafasa, ga ganye a jibge.

Uwar ta ce, "Hajiya, barka. Wa ya haihu?"

Surukata ba ta dube ni ba, ta juya ga mijinta ta ce, "Ka tsayar da mai motar nan. Getso zan tafi."

Ban san ina da sauran sauri ba sai ranar. Na zare itacen nan ɗaya bayan ɗaya na watsa musu ruwa. Na ce, "Ruwan yara ne. Duk sun yi dauɗa." Na kamo jikokina biyar, na sirka ruwan, na wanke su tas, har da wanda ya yi wanka da rana yana ta rantsuwa ya yi. Uwar ta zauna a turmi tana dariya har da hawaye. Surukata ta tsaya tana kallo, can ta ce za ta zauna zuwa kwana bakwai, ranar da aka ce ta koma a duba ta, daga nan ta ga abin da ya dace. Aka sallami mai mota.

A wannan mako na koyi jinyar da ban iya ba. An ba ta ƙwayoyin rage ciwo, an ce ta huta kwana biyu, kada wurin ya jiƙe, kada ta ɗauki abu mai nauyi har mako ya zagayo. In ta ga zazzaɓi, ko wurin ya kumbura ko yana ruwa, ta koma ba jira. Shi ke nan. Ba duro, ba ganye, ba kunun kanwa. Na ce wannan ai ba jinya ba ce, zaman kallo ne.

Kwana biyun farko tana kwance, in za ta tashi sai ta juya ta gefe, in za ta yi tari sai ta dafe wurin. Ta ce ciwon bai kai rabin na aikin haihuwa ba, sai dai cikinta na cika da iska. Ni na ɗauki ɗiban ruwa da daka da goyon jaririya. In lokacin shan nono ya yi sai in kai ta bakin ƙofa, uwar ta karɓa ta shigar, don ta kafa kujerarta a nan kamar mai tsaron shingen hanya. Duk kwanon da na kawo sai ta buɗe ta shinshina.

"Mene ne wannan?"

"Farfesun kaza."

"Ba kanwa?"

"Hajiya, wa ke sa kanwa a farfesu?"

"Wanda ya dafa duro ba haihuwa ai ba a san iyakarsa ba."

A rana ta uku surukata ta fara zagaya tsakar gida. A ta huɗu na kama ta ta sunkuya za ta ɗauki bokiti, na ce ajiye, ta ajiye ba musu.

A rana ta biyar da hantsi ina tankaɗe na ji ita da uwarta suna magana ƙasa-ƙasa a ɗaki. Wurin ne ke mata ƙaiƙayi, tsoro ya kama ta, don da ƙaiƙayi wancan ya fara. Ita ba ta iya sunkuyawa ta gani da kyau, uwar kuma yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta shafa. Can na ji muryar surukata.

"Inna."

Na ce na'am.

"Ki zo ki duba mini."

Na wanke hannu da sabulu sau biyu, na shiga. Ta kwanta kusa da taga ta ɗaga riga, na ɗaga filastar a hankali. Yankan bai kai tsawon ɗan yatsana ba, a bushe, bakinsa a haɗe, ba ja ba kumburi. Na ce mata warkewa yake yi, ƙaiƙayin na warkewa ne. Amma dab da shi ga tsohon tabon nan, mai faɗi, a tattare kamar ƙuna. Ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Na mayar da filastar, na kasa tashi.

A wajenmu babba ba ya buɗe baki ya roƙi matar ɗansa gafara. Sai dai ya aika mata da tsokar nama ko turmin atamfa, ita kuma ta gane. Na duba na ga babu atamfar da za ta isa.

Na ce, "'Yar nan, wannan tabon aikina ne. Takardar nan ma ni na hana. Ki yafe mini."

Uwar ta tashi ta fita, wai za ta duba kaji. Surukata ta sauke rigarta, tana kallon rufin ɗaki.

"Na ruwan zafi na yafe tuntuni, Inna. Abin da kika sani ke nan, kuma don ni kika yi." Ta juyo ta dube ni. "Na takardar ki ba ni lokaci. Ranar da mahaifar ta tsage, kafin in fita hayyacina, tunanin yaran nan nake ta yi."

Na ce ta ɗauki duk lokacin da take so.

Ranar bakwai muka koma Gwarzo mu huɗu. Malamar ta duba ta ce wuri ya yi kyau, ta ci gaba da harkokinta a hankali. Da muka dawo uwar ta ɗaure kayanta, ta tsaya a tsakar gida ta ce wa 'yarta, "To, in za ki bi ni ki ɗauko mayafi." Ina bakin murhu na yi kamar ban ji ba, alhali na tsayar da muciya.

Surukata ta ce, "Ki gaida gida. Gobe zan jiƙa waken suya, an daɗe ba a ci awara a unguwar nan ba. Inna ce za ta kai mini niƙa, tunda ta hana ni ɗaukar bokiti."

Washegari na ɗora bokitin a ka na kai inji. Yarinyar da aka goya a lokacin yanzu tana aji uku, uwarta kuma lafiyarta ƙalau, har ta yi ƙiba. Maganar takarda ban sake tayar da ita ba, ita ma ba ta ce ta yafe ba tukuna. Ina jira, kuma ba na gaggawa, don ko jiya da ƙaya ta soke ta a ƙafa ni ta kira na cire mata.