Na Ɗauka Duk Laifin Suga Ne

Assalamu alaikum. Ni 'yar Katsina ce, aure ya kawo ni Abuja, muna zaune a Durumi da maigidana mai shagon kayan masarufi. Lokacin da abin nan ya same ni na haura hamsin, ina sayar da abinci a wata rumfa kusa da masana'antun Idu. Ina da jiki sosai, kuma na daɗe da ciwon suga irin wanda ke kama manya, wanda likitoci ke ce wa nau'i na biyu. Na saba da shi har na daina tsoronsa. Idan ƙafafuna suka yi nauyi in sha magani, idan na ji garau in manta da shi a jaka.

Al'adata ta daɗe da ɗaukewa, sai wata rana na ga ɗan jini. Ya tsaya, ya sake dawowa. Abin da ya dame ni shi ne salla, in yi ko in bari. Asibiti ko a raina bai zo ba. Na ce suga ne, domin duk abin da ya taɓa jikina shi nake ɗora wa. Kunya kuma ta hana ni faɗa wa kowa, har maigida. Wata Bayarabiya da muke raba rumfa ce ta lura ina yawan zama a benci ina dafe mara. Ta yi ta tambaya har na faɗa mata. Da 'yar Hausarta ta ce jini bayan tsayawar al'ada ba abin ɓoyewa ba ne, yayarta ta yi shiru da irinsa har lokaci ya ƙure mata. Washegari ta bar tukwanenta ta raka ni asibiti.

Aka yi hoto, aka ɗebi wani abu daga mahaifa aka kai gwaji. Ranar da na koma, likitar ta jawo kujera kusa da ni ta ce, "Mama, ciwon daji ne a mahaifa, amma bai fita daga cikinta ba. Kin zo a lokacin da za a iya cire shi." Na tambaye ta ko sugan ne ya rikiɗe. Ta ce suga ba ya komawa daji, kuma ba duk mai suga ke kamuwa ba, sai dai irin nawa, musamman idan ya haɗu da ƙiba, yana ƙara haɗarin dajin mahaifa, da na hanta, da na hanji, da na nono. Duk shekarun da na yi da ciwon ban taɓa jin haka ba.

Faɗa wa maigida ya fi mini komai wuya. Da na faɗa masa sai ya ce, "Hajiya, mahaifar nan ta ba mu 'ya'ya, ta gama aikinta. Ke muke so." Sai da aka sha fama sugana ya sauka kafin a yarda a yi mini aiki, ɗinkin ma ya yi jinkirin warkewa. Amma alhamdu lillahi, an cire, kuma duk zuwan da nake yi ana duba ni ba a sake ganin komai ba. Na koma rumfata. Magani ba ya wuce ni, na rage shinkafa na ƙara ganye, da yamma kuma mukan zaga unguwa a ƙafa ni da maigida, maƙwabta na yi mana tsiya wai mun koma amarya da ango.

'Yan'uwana masu suga, abin da na koya shi ne sabo da ciwo ɗaya yana rufe wa mutum ido daga wani. Ku riƙe maganinku, ku kula da nauyin jiki. Idan kuka ga jinin da bai kamata ba, ko ƙullutu, ko rama ba dalili, kada ku yanke wa kanku hukunci cewa suga ne, ku je a duba. Kwanaki na raka wata ƙanwata da irin matsalata, aka ce nata ba daji ba ne. Mun fito muna dariya, ta ce da ta sani da tuni ta zo ta huta da fargaba.